Jirgin da Ke Cikin Akwati

A ɗakin da na zauna a unguwar Sharafiyya ta Jidda ba a son jin kalmar jirgi. Ba wanda ya kafa mana doka, haka na tarar. Ni kaɗai ke da iƙama, wato katin izinin zama, a ɗakin, sauran da umara suka shigo suka zauna. In aka ce wane ya hau jirgi, ba wanda ke tambayar ina za shi. An kama shi ke nan, an kai shi inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, an sa shi a jirgin sama da kayan jikinsa. Babba a cikinmu wani tela ne mutumin Damagaram, muna ce masa Kawu. Shi ko ƙarar jirgi ya ji ta saman gini, sai ya ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki, ya jira ta wuce.

Da digirin injiniya na zo Jidda, amma aikin da na samu na kula da sito ne a wata ƙaramar masana'anta da ke yin bututu da kan famfo, can Madinar Masana'antu. Mai wurin shi ne kafilina, wanda izinin zamana ke hannunsa. Haifaffen Jidda ne, ɗan ƙasa. Mahaifinsa Bahaushe ne da ya zo aikin Hajji tun da daɗewa bai koma ba. Yana jin Hausa sosai, amma in zai yi ta sai ta karye masa a baki, ya koma Larabci. Ma'aikata na ce masa Ammi, wato baffa, ni ma haka nake ce masa. Shi kuma yana kirana ya muhandis, wato injiniya. Har yau ban tantance ko girmamawa ce ko tsokana ba. Ina jin duka biyun ne.

A shekarar da nake magana a kai aiki ya ja baya. An sallami wasu, an buga musu khuruj, fitar da ba dawowa. Ba a yi da hayaniya ba. Sai dai ka zo da safe ka ga wurin mutum babu kowa. A cikin haka iƙamata ta mutu, ba a sabunta ba. Duk sanda na tambayi mai kula da takardun ma'aikata sai ya ce bukra inshallah, wai gobe, bai ɗago kai ba. Ban san ko jinkiri ne kawai ba, ko kuwa an riga an gama maganata. Ammi kaɗai ya sani, kuma ban iya tambayarsa ba. Ina ganin kamar in na tambaya, na tuna masa da abin da wataƙila ya manta ne.

Duk da haka ina ganinsa kowace Alhamis, a gidansa, saboda jiragensa.

Abin ya fara ne ranar da aka aike ni in taya ɗaga wani teburi zuwa saman bene. Da aka buɗe ƙofar ɗakin sai na tsaya. Wani babban teburi ya riga ya cinye ɗakin kusan duka, a kansa an shimfiɗa layin dogo siriri, ya ratsa duwatsun kwali, ya hau gada, ya shige rami ya fito ta gaban wata tasha mai fitilu ƙanana. Yawancin jiragen da lantarki suke tafiya. Amma ta jikin bango akwai wani layi mai faɗi, na manya. Waɗannan na tururi ne na gaske. Ana zuba ruwa a tukunyarsu, a kunna wuta a ƙarƙashi da wani ruwa da ake kira sibirto, a jira. Can sai ka ji suna huci, sandunan gefe su fara tura ƙafafu. Ammi ya ga yadda na durƙusa ina leƙen ƙarƙashin ɗaya, ya tambaye ni abin da na karanta. Daga ranar na zama mai shafa mai da goge layi, da zuba shayi in abokansa sun hallara.

Bayan la'asar suke zuwa. Dattawa ne masu furfura, amma in suka fara musun wane kan jirgi ya fi, sai ka rantse yara ne a bakin filin ƙwallo. Akwai wani likita Bamisre da ba ya ganin kowa sai korayen jiragen Ingila masu santsin jiki, yana cewa su amare ne, sauran 'yan rakiya. Wani Ba'indiye da ya yi ritaya daga aikin banki shi kuma ƙaramin jirgin da ke hawa dutse a ƙasarsu yake so, wanda ya ce mai tafiya a ƙafa yana iya wuce shi ya jira shi a gaba. Likita kan ce to ai gara jaki. Sai wani tsohon malamin makaranta Bahijaze, ɗan yankin Makka da Madina, wanda ya tsaya kai da fata a kan jiragen tsohon layin da Turkawa suka kawo Madina. Shi ba ya ɗaga murya. Ya kan ce jirgin da ya ɗauki baƙin Annabi ba a haɗa shi da na yawon shan iska.

Na Ammi baƙi ne wuluk, ba kwalliya, mai dogon jiki. Ya ce irin na reluwen Najeriya ne, waɗanda aka sa wa sunayen koguna, wani maƙeri a Turai ya ƙera masa daga hoto. Ban tabbata ya yi kama da na ainihin sosai ba, amma ban taɓa faɗa ba. In ya ɗora shi a layi ba ya barin kowa ya kunna wutar. Ya kan dafa shi da yatsa biyu ya ce, "Hada jirgin babana. Shi ya kawo shi Jidda."

"Ta ina?" likita zai ce. "Ta ƙarƙashin teku?"

Ammi sai ya yi murmushi kawai, ya gyara wutar.

Wata rana suka juyo kaina, wai ni wanne na fi so. Gaskiyar magana ban taɓa ganin jirgin kwal yana tafiya ba. Gawar ɗaya na taɓa gani a bayan tasha a Zariya ina ɗalibi, ciyawa ta fito ta cikin ƙafafunsa. Na tsaya da butar shayi a hannu ina lissafi. In na zaɓi na Ammi za a ce fadanci ne, in na zaɓi wani kuma ban san yadda zai ɗauka ba. Na ce kowanne da irin kyawunsa. Likita ya ce, "Wannan yaron jakada ya kamata ya zama." Aka yi dariya. Ammi bai yi ba, ko kuma ya yi ban gani ba. Na kwana biyu ina juya abin a raina.

Baƙin jirgin ne ya lalace. Wata Alhamis an kunna shi, ya ɗauki zafi, maimakon ya tashi sai wani siririn tururi ya fara fita ta gefen tukunya, inda aka like bututu. Ya yi huci ya tsaya. Ammi ya kashe wutar, ya daɗe yana kallonsa. A masana'anta akwai mai walda da ya iya likin tagulla, amma Ammi ba zai shiga da abin wasa gaban ma'aikatan da ake sallama ba, haka dai na fahimta, kuma bai yarda da direbansa ba. Ya naɗe shi da tawul, ya sa a akwatinsa na katako, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Kai muhandis ne," ya ce da Hausarsa. "Ka kai jirgi wurin mai walda. Yom Asabar. Ka tsaya a kansa. La tirkab, kada ka hau motar ma'aikata, tana girgiza. Taksi."

Na so in ce masa iƙamata ta mutu, motar ma'aikata kuma ita ce ba a cika tsayarwa ba. Na buɗe baki, na ce, "To, Ammi."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu ya ga akwatin a ƙarƙashin gadona.

"Injiniya, me aka samu? Dabino?"

"Jirgi ne, Kawu."

Wanda ke cin shinkafa ya tsaya da loma a hannu.

"Na ƙasa," na ce da sauri. "Na wasa. Na kafilina ne."

"To ka riƙa gama magana, ɗan nan," Kawu ya ce. "Ka ce na ƙasa tun farko. Ranar Juma'a ka shigo mana da jirgi ɗaki."

Na buɗe musu. Kawu ya gyara tabarau, ya sunkuya, ya shinshina. Ya ɗago a hankali.

"Wannan ai tukunyar dafa giya ce aka sa wa ƙafafu."

"Haba Kawu."

"Ni na gaya maka. Jan ƙarfe, ga bututu, ga murhu, ga wari. Na taɓa ganin waɗanda aka kama da irinta a wancan layin, ba ta fi wannan girma ba. In askari ya buɗe ya ji wannan ƙamshi, ga iƙamarka kuma ta riga mu gidan gaskiya, wallahi kujerar taga za su ba ka."

Sauran suka yi dariya, irin dariyar da ake yi a ɗakin, gajera. Ni ban taɓa kawo wannan a raina ba, amma da ya faɗa sai na kasa ganin komai a akwatin sai shi. Na kwance murhun na wanke da sabulu, na shanya a taga, na sake wankewa. Na canza tawul. Na tabbatar babu ko ɗigon sibirto. Sannan na zauna na shirya abin da zan faɗa in an tsayar da ni, na yi ta maimaitawa kamar hadda. Hada ƙiɗar li'iba, haggil kafil. Wannan jirgin ƙasa ne na wasa, na kafilina ne. Na shirya amsar wari, na shirya amsar bututu, na shirya har amsar dalilin da ya sa mai kula da sito ke yawo da kayan maigida. Kawu yana ɗinki yana jina.

"Ka faɗa da ƙarfi mana," ya ce. "Kamar mai neman aure kake yi."

Asabar da safe na tari taksi. Direban wani dattijo ne Bapakistane, ba mai magana ba. Na ƙi sa akwatin a but, na ɗora shi a cinya a kujerar baya, na rungume. Yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Muka bi ta kudu, ɓangaren tashar jiragen ruwa da manyan tankunan mai. Ina maimaita jimlata a zuci. Mun kusa fita kan babban titi sai motoci suka fara rage gudu, suka koma layi ɗaya.

"Taftish," direban ya ce. Bincike.

Na ga motocin askarawa, 'yan sandansu, a gicciye, na ga wata doguwar mota a gefe mai raga a tagogi. Akwai mutane a ciki. Na san ba kowa ake tsayarwa ba, wasu hannu kawai ake ɗaga musu su wuce. Na yi duk addu'ar da na sani. Aka ɗaga wa motar gabanmu hannu. Mu aka nuna mana gefe.

Askarin matashi ne, da alamar gajiya a fuskarsa. Ya yi sallama, ya karɓi takardun direba, ya leƙo baya. Bai fara da iƙama ba. Idonsa ya sauka a kan akwatin, da yadda na ƙanƙame shi.

"Esh hada?" Mene ne wannan?

Na yi ta tunanin wannan lokacin daga baya, kuma ga yadda nake ganin ya faru, ko da yake ba zan rantse ba. Jimlar da na haddace ta ɓace gaba ɗaya. Abin da ya rage a kaina Hausa ce, kalma ɗaya, jirgi. Mu jirgi ɗaya gare mu, sai mu ƙara masa na ƙasa, na ruwa, na sama. Larabawa kowanne da sunansa daban. Ƙiɗar, ta jirgin ƙasa, a ɗakin Ammi kaɗai nake jin ta. Ɗayar kuwa ita na fara koya tun ranar da na sauka, ita nake ji kullum, ita nake tsoro. Bakina ya ɗauki wadda ta fi kusa.

"Ɗayyara," na ce. Jirgin sama.

"Ɗayyara?"

"Sagira," na ce, don in kwantar masa da hankali. Ƙarami ne. "Haggil kafil."

Ya ja baya kaɗan. Ya tambaye ni ko yana aiki, da me yake aiki. Wannan na shirya mata amsa, kuma ba na son a kama ni da ƙarya. Na ce da wuta yake aiki, amma na wanke shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna shi ne ban ji kuskuren ba. A kunnena daidai na faɗa. Ina kallon fuskarsa tana canzawa, ina mamakin me ya faru, ina tunanin ko warin ne bai fita ba. Sai direban ya juyo, idonsa a waje, ya tambaye ni da gurɓataccen Larabcinsa ko irin jiragen nan ne marasa matuƙi na shigo masa da shi mota. A iya sanina ba a yarda mutum ya riƙe su ba sai da izini, balle a wannan ɓangaren gari. A nan na ji abin da na faɗa.

"La, la. Ƙiɗar," na ce. "Ƙiɗar. Li'iba."

Amma wanda ya ce jirgin sama ya dawo ya ce jirgin ƙasa, ni ma da ni ne askarin ba zan yarda da shi ba. Ya ce in fito a hankali. Ya ce in ajiye akwatin a ƙasa, can nesa da motoci, kada in buɗe. Na ce zan iya nuna masa. Ya ce kada in taɓa. Bai yi tsawa ba, bai taɓa ni ba. Ya kira babbansu, wani mai ƙiba da furfura a gemu. Shi ne ya karɓi iƙamata, ya buga lambar a na'urar hannunsa, ya dube ni.

"Muntahiya." Ta mutu.

Aka sallami mai taksi. Bai tsaya karɓar komai ba, ya tafi. Babban ya ce in kira kafilina. Na lalubo lambar na kira. Ammi ya ɗauka, na fara bayani da Hausa, na koma Larabci, ban san abin da na faɗa ba. Babban ya karɓi wayar ya yi magana gajera. Da ya miƙo mini, abin da na ji kawai shi ne, "Jay." Ina zuwa. Ya kashe.

Aka tsayar da ni a inuwar doguwar motar, don ita ce kaɗai inuwa a wurin. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Akwatin yana can shi kaɗai a tsakiyar kwalta, rana na dukansa, an kewaye shi da robobin hanya. Ta cikin ragar taga wani ya ce da Hausa, a hankali, "Sannu ɗan'uwa." Ba da mugunta ya faɗa ba, irin sannun da ake yi wa wanda ya iso ne. Na amsa a hankali.

Na yi tunanin sauka a Kano da silifa da leda a hannu. Na yi tunanin mahaifiyata, wadda ke gaya wa maƙwabta ɗanta injiniya ne a ƙasa mai tsarki. Amma abin da ya fi cina shi ne na ambaci kafilina. Na gaya wa hukuma da bakina cewa dattijon nan yana da ƙaramin jirgin sama mai aiki da wuta. Ko da a ce da yana niyyar riƙe ni, wa zai riƙe ma'aikacin da ya yi masa haka? Wani jirgi ya wuce ta sama a lokacin, can nesa. Na ga kaina na daina numfashi har ya wuce, kamar Kawu.

Ammi ya iso da kansa yake tuƙi, ba ko ƙyallen da suke yafawa a kai, hula kawai. Bai dube ni ba. Ya gaisa da babban askarin, ya ba shi katinsa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Daga nan ya taka zuwa wurin akwatin, askarawa biyu na biye da shi daga nesa. Ya durƙusa da ƙyar, don gwiwa na damunsa, ya buɗe, ya yaye tawul. Ya ɗago baƙin jirgin da hannu biyu ya kawo ya ɗora a kan motar askarawa. Ya juya ƙafafun da yatsa, sandunan suka motsa.

Matashin ya matso ya leƙa. Babban ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna ni da haɓa.

"To me ya sa ya ce ɗayyara?"

Sai a lokacin Ammi ya juyo gare ni. Da Hausa ya tambaye ni, kuma ban taɓa jin ta fita masa a miƙe haka ba.

"Me ka ce masa?"

"Na so in ce jirgi ne, Ammi."

Na ga gefen bakinsa ya motsa, ban san ko fushi ne ba. Ya juya ga babban ya ce, "Fi lugatna kilma wahda." A harshenmu kalma ɗaya ce. Na lura da wannan namu da ya ce, don ban taɓa jin ya faɗe ta a gaban Balarabe ba, amma wataƙila na ba ta nauyin da ba ta da shi. Ya ce mahaifinsa kullum cewa yake a jirgi ya bar gida, a jirgi ya iso Jidda. Yana ba shi labarin hayaƙi da usur da garwashin da ke shiga ido. Shi kuma yana yaro ya ɗauka jirgin ƙasan ne ya ratso Bahar Maliya da shi. Har ya taɓa zuwa bakin teku neman inda layin dogon ya fito. Sai da ya girma ya gane na farkon ya ajiye tsohon tun bai bar Najeriya ba, ya yi shekaru a hanya ta Sudan, na ƙarshen kuma na ruwa ne.

Matashin ya yi dariya. Babban ya ɗan murmusa, ya ce a mayar da shi akwati. Sai ya ɗaga iƙamata da ke hannunsa har yanzu.

"Wannan maganar jirgi ce, ta wuce," ya ce. "Wannan kuma daban. Ta mutu. Kai ne kafilinsa. Tajdid walla khuruj?"

Sabuntawa ko fita. Tambayar da na yi ta kasa yi ke nan, ga wani ya yi ta a bakin titi, a gabana. Ammi yana naɗe jirgin da tawul. Ya gyara naɗin ta wajen bututun hayaƙi, ya kwantar da shi, ya rufe, ya danna makullin gefe ɗaya, ya danna ɗayan. Ina jin injin doguwar motar yana aiki a bayana, zafinsa na dukan ƙafata.

"Tajdid," ya ce. "Jinkirin daga wurina ne."

Ban san abin da doka ta tanada daidai a irin wannan ba, kuma ba na son in faɗi abin da ban sani ba. Na dai ga sun koma gefe, Ammi na nuna wani abu a wayarsa, babban na yi masa magana da yatsa a ɗage, shi kuma yana gyaɗa kai. Bayan haka aka miƙa wa Ammi katin, ba ni ba. "Yalla," ya ce mini. Na ɗauki akwatin. Katakon ya yi zafi har yana ƙona hannu. Ban waiwayi tagar ragar ba, ban iya ba.

Muka shiga motarsa, ya ja. Ina ta shirya ban haƙuri, ina rushewa. Da muka shiga layin masana'antu sai ya ce, yana kallon titi, "Ɗayyara sagira. Da wuta."

"Ka yi haƙuri, Ammi."

"Ya muhandis, da ka ce safina, na ruwa, da har yanzu muna can suna neman teku."

Na yi ƙoƙarin dariya, ta fito kamar tari.

An sabunta iƙamar ba da daɗewa ba. Mai kula da takardu ya miƙo mini bai ɗago kai ba, kamar kullum. A makon ne kuma na zo da safe na tarar wurin wani da muke aikin sito tare babu kowa. Ban sani ba ko tun farko ba na cikin waɗanda za a sallama, ko kuwa a bakin titin nan aka yanke, tsakanin makulli na farko da na biyu. In a can ne, ban sani ba ko don jirgin ne, ko don kalmar, ko don dattijo ba ya son ya ce khuruj a gaban mutumin da ke rungume da kayansa. Ban tambaya ba, kuma ba na jin zan tambaya.

Mai walda ya like tukunyar, na tsaya a kansa kamar yadda aka ce. Alhamis ta gaba Ammi ya kunna wutar da kansa. Muka jira. Jirgin ya yi huci, ya ja taragunsa ya bi jikin bango. Likita ya ce har yanzu dai mummuna ne. Da ya zo kwana Ammi ya taɓa wani ɗan ƙarfe, usur ɗin ya yi ƙara siririya, sai na ga shayi ya zube mini a kan tire. Na goge da sauri kafin wani ya lura.

Da na koma ɗaki na ba su labari tun daga farko, Kawu bai yi dariya ba sai da na kai ƙarshe, ita ma kaɗan. Ya tambaye ni mutum nawa na gani a doguwar motar, ko akwai wanda na shaida. Na ce ban duba ba. Ya gyaɗa kai, ya mayar da ƙafa kan keke.

"Gobe in za ka faɗa," ya ce, "ka fara da na ƙasa."